Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Tawa: ɗaki guda muke roƙo

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwar ban girma, na rubuto ne da yawun wata fada da ke zama kowane dare a cikin garin Tawa. Shayi muke dafawa kamar kowace fada, sai dai kowa da kwamfutarsa bisa cinya. Cikinmu akwai waɗanda suka fito Jami'ar Djibo Hamani, akwai mai gyaran salula a kasuwa da ya koya wa kansa rubuta manhaja, akwai kuma ƴan mata da zaman dare bai yi musu ba, sai dai a tura musu abin da aka tattauna ta WhatsApp. Mun yanke shawarar mai da wannan zama ƙungiya, domin duk matashin da ke son kafa ɗan kamfaninsa na fasaha ya samu inda zai dafa.

Ranka ya daɗe, kusan duk abin da aka tanadar wa irinmu yana Yamai. Cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni can ta buɗe tun 2014. Hukumar ANSI mai kula da harkar fasahar zamani can take, gasar E-takara ta masu ƙirƙirar fasaha can aka saba yin ta. Ba ƙyashi muke ba, sun yi aiki. Amma tsakaninmu da su ya fi kilomita 500, kuma yaron da bai da kuɗin mota da masauki bai ma san an yi ba. Mu Adarawa an san mu da tafiya biɗa, daga Abijan har Libiya. Manomi in ya tafi, damina na dawo da shi. Mai ilimin kwamfuta in ya tafi, babu hadarin da ke kiransa gida.

Ga aiki nan kwance a ƙofarmu. Mai albasa a Galmi na sayarwa da arha lokacin girbi, bayan ƴan watanni farashi ya tashi a hannun wani. Abin da yake bukata shi ne ya ji farashin Ƙonni da na Abijan cikin salularsa, da murya, da Hausa ko Tamajak, tunda rubutun Faransanci ba ya yi masa amfani. Wanda zai iya haɗa wannan shi ne ɗan da ya tashi yana jan ruwa a garka. Abdou Maman Kané, ɗan ƙasar nan, ya ƙirƙiro hanyar kunna injin ban ruwa daga nesa da waya, har ya karɓi kyautar ruwa ta Sarki Hassan na biyu a 2015. Daga wahalar manomi dabarar ta fito.

Tsarin da muka ɗauka ma ba baƙo ba ne. Iyayenmu mata muka kwaikwaya, Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maradi a 1991 da zubin ƴan daloli cikin akwati, har tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Mu ma zubi muke, jika guda kowane wata. Da shi muke sayen intanet, da shi za mu biya wa wanda aikinsa ya nuna kuɗin takardun kafa kamfani. Wanda ya iya kuma dole ya koyar da na baya.

Kuɗi ba ma roƙo. Ɗaki guda muke so cikin gine-ginen hukuma, ko a gidan matasa, mai faranti na hasken rana a kan rufi. Tun ranar da aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar a watan Agusta na 2023 muka san darajar wutar da ke hannunmu, kuma tashar wutar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ta nuna tun 2018 cewa ranar Adar na iya aiki. Da ɗaki, ƙannenmu mata za su zo da rana, iyayensu hankali kwance. Muna kuma roƙon ka sa baki takardar izinin ƙungiyarmu ta fito kan lokaci.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Na taɓa shafe watanni ina tsara wa wani ofishi manhajar lissafin haraji na kasuwa, aka yaba, daga baya aka ba wani daga nesa aikin ba tare da an sake kirana ba. In hukumomin jiha na da ƙaramin aiki irin wannan, a bar mu mu shiga takara. In namu bai kai ba, a faɗa mana inda ya gaza.

Abu ɗaya nake roƙon kada a yi mana, cikin ladabi: kada a naɗa mana shugaba. Iyayenmu na ba mu labarin samariya, ƙungiyar matasa ta da, yadda ta gina azuzuwa da gayya, da yadda ta yi sanyi da mulkin da ta jingina da shi ya sauya. Muna so mu zaɓi namu, mu iya sauke shi in ya kauce.

Ranar Alhamis bayan sallar isha'i kowa ke nuna abin da ya haɗa cikin mako. In ka aiko ko da mutum guda daga ofishinka, za mu nuna masa manhajar farashin albasa, mu kuma miƙa masa takardunmu.

Allah ya taya ka riƙo.

Ɗanka, mai rubuta manhaja a Tawa