Zuwa ga Uwar Biyu, daga Mabera

Assalamu alaikum Uwar Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyuna. Saƙon muryarki ya iso ina tsaye kan kaskon suya, shi ya sa ban amsa a take ba. Amma ke ma kin iya shiru! Tun bikin autarmu ban ji ɗuriyarki ba, sai da neman shawara kan yadda za ki fara sayar da turare ta waya ya tashi kika tuna da Sakkwato. To na yafe, albarkacin Goggo da kullum sai ta tambaye ni ko Agege ta haɗiye ki.

Kafin in zo kan maganar turarenki, bari in ba ki labarin da ke cina a rai. Na sayi waya ta biyu, ƙarama, da sabon layi, ta sana'a kawai. Ƙarfe tara na dare in kashe ta in jefa cikin durowa, ba na sake ɗauko ta sai yara sun tafi makaranta. Wallahi ƙawata barcina ya dawo, hankalina ya dawo. Kin san halin mutanenmu, tunda waya na hannunki gani suke kamar kina zaune jiransu. Ƙarfe ɗaya na dare sai ki ji saƙo, nawa ne bokitin alkaki. In ba ki amsa ba a bi ki da kira. Da azumin da ya wuce wata uwar amarya ta kira ni ana tsaka da sahur don ta ji ko dubulan ɗinta zai kai bayan Salla bai yi sanyi ba. Alhali mai shago a Tsohuwar Kasuwa magariba na yi yake jan ƙofarsa ya sa kwaɗo, babu mai bin sa gida ya buga masa ƙofa yana tambayar farashi, kuma gobe masu sayensa su dawo.

Yaya ce ta fi kowa tsorata. Cewa ta yi masu saye za su gudu wajen wata, don masu kayan gara sun yi yawa a garin nan. Ba su gudu ba. Na sauke WhatsApp Business a wayar, kyauta ne, na saita saƙon da ke amsawa da kansa in na rufe: an tashi aiki, za a amsa da safe in sha Allahu, ga hotuna da farashi a duba kafin nan. Wadda take da biki a gabanta da gaske, da safe za ki tarar ta zaɓi abin da take so har ta faɗi rana. Masu saƙon tsakar dare kuwa yawancinsu tambaya ce kawai, ko kin amsa ba za ki sake jinsu ba. Akwai kuma wurin yi wa kowace hira alama, ni na yi uku: ta ba da kafin alƙalami, saura ciko, an kai tasha. Juma'a bayan azahar ma na ware ta, ina Runjin Sambo wajen Inna, ina yanke mata farce muna hira.

Ta ce in gaya miki har yanzu tana jiran man zafin da kika yi mata alkawari. Kin ji dai.

Yanzu turarenki. Ki fara da layi daban tun ranar farko, kada ki ce sai abin ya kankama. Ban da hutun, yana raba ki da mazan da ke samun lamba a status su fara sallamar da ba ta saye ba, kuma hotunan ɗiyanki ba sa yawo a wayar baƙi. Asusun banki ma daban, don kuɗin cefane da jari in suka haɗu wuri ɗaya jarin ne ke narkewa.

Status ba ya zuwa wa kowa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Saboda haka duk wadda ta yi miki magana, ki roƙe ta ta ajiye lambar. Kada ki jera hoto arba'in a rana, mutane wucewa suke yi, ga data ta yi tsada tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Ni da hantsi nake ɗauka, a inuwar katanga, in shimfiɗa farin ƙyalle in ɗora faranti. Abin da ya fi kawo mini masu saye ɗan gajeren bidiyo ne, hannuna kawai, na ɓare alkaki biyu zuma na zarara daga cikinsa. Na san kunyarki, ke da ko hoton aji sai an jawo ki daga bayan mutane. To ba sai kin nuna fuska ba, hannu da kasko da hayaƙi sun isa. Sai dai ke matsalarki ƙamshi ba ya bin waya. Ki ƙulla 'yan ƙananan ƙulli da lambarki a jiki ki raba a suna da walima da Islamiyya, wadda ta turara ɗakinta ta ji daɗi ita za ta nemo ki.

Ki rubuta farashi a fili. Masu cewa a biyo su ta ciki a ji kuɗi aiki suke ƙara wa kansu, kuma mai saye sai ta yi zaton kallon fuska ake a yanka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sukari da alkama da man gyaɗa ba su zauna wuri ɗaya ba, kuɗin mota ma haka, don haka ina faɗa musu wanga farashin na wanga mako ne, kuma ba na ɗora tukunya sai an ba da rabi. Hoton shaidar tura kuɗi kuwa kada ki yarda da shi, ana ƙirƙirarsa. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki kafin kaya su bar gida.

Af, kin ji ɗiyar maƙwabciyarmu mai kitso an sa rana? Gusau za a kai ta, ni zan yi garar, nakiya kawai an ce bokiti huɗu. Ga zafi ya fara, da rana ko ƙofar gida ba ta taɓuwa, suya sai da asuba ko bayan la'asar.

Gusau ɗin ta tuna mini. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta lambar kowace mai saye da unguwarta da abin da ta saya. A watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin jiharmu, masu sayena na can ɗif suka ɗauke, sai ta hannun direbobi muke aika saƙo. A watan Oktoba na shekarar kuma WhatsApp da Facebook da Instagram suka tsaya wajen awa shida a duk duniya. Waya ma ana sacewa. Kuma kada ki yi saurin biyan masu dubban mabiya a TikTok su tallata miki, mabiyansu a warwatse suke daga Kano har Jidda, ke kuwa matan Agege da Idi Araba kike nema. Wadda ta saya ta yaba, ki roƙe ta ta ɗora a nata status, danginta da ƙawayenta su ne kasuwarki.

Akwai abu na biyu da kika tambaya a ƙarshen saƙon, kukan Hassana ya rufe muryarki ban ji ba, ki sake turowa. A tsohon layina fa, ke ba mai saye ba ce. Zan ba direba nakiya da yaji ya taho miki da su in kin turo lambar wanda zai karɓa a tasha. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Mabera