Ku kwana a Jidda tukuna

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali, da Hajiya. Saƙonka ya iso, na yi murna ƙwarai da jin bizarku ta Umra ta fito. Allah Ya kawo ku lafiya.

Sai dai tsarin tafiyar da ka aiko bai kwanta mini ba. Ka ce za ku sauka Jidda da dare bayan kun yada zango a Addis Ababa, kuma kana so ku hau jirgin ƙasa a daren ku wuce. Don Allah kada ka yi wa Hajiya haka. Tun daga Kano take zaune, ƙafa ta kumbura, ga layin jami'an shige da fice, ga ɗaukar hoton yatsu, ga jiran kaya. Babu mai iya gaya maka ƙarfe nawa za ku fito. Shi kuwa jirgin ƙasan Haramain, mai haɗa Makka da Madina, tikitinsa da lokaci yake, da lambar kujera, kuma ba ya jiran kowa. Ka kuma tuna agogon nan Saudiyya yana gaba da na gida da awa 2, kada lissafi ya rikice maka.

Ka kama ɗaki a otal kusa da filin jirgin tun kana gida, ka sanar da su cewa tsakar dare za ku iso, don kada su ba wani. Hajiya ta yi wanka, ta sha shayi, ta miƙe ƙafa. Tikitin jirgin ƙasa kuma ka yanki na hantsi, kada ka ɗauki na sassafe. Ta intanet ake saye da lambar fasfo, kuma gara ka saya da wuri, domin a lokacin cunkoso kujeru kan ƙare.

Ku fara da Madina. Dalilina ya wuce don in gan ku. Wanda ya nufi Makka kai tsaye tun a sama zai wuce miƙati, dole ya ɗaura harami kafin sauka, ya kwana a Jidda da shi, ya je ɗawafi da sa'ayi a gajiye. Wanda ya nufi Madina kuwa da kayansa na gida zai sauka. Ga tsohuwa wannan sauƙi ne babba.

Jirgin ƙasan kansa zai burge ka. A 2018 aka buɗe layin, tsawonsa wajen kilomita 450, gudunsa yakan kai kilomita 300 a awa. Tasha biyar ce: Makka, Sulaimaniyya a cikin Jidda, filin jirgin Sarki Abdul'aziz, birnin Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Daga filin jirgi zuwa nan wajen awa 2 ne, alhali a mota sai an ninka haka. Ka kula sosai, tashoshin Jidda biyu ne, ka duba wadda ke kan tikitinka kafin ka gaya wa direban tasi. Ta filin jirgin tana haɗe da Terminal 1.

Maganar kaya fa. A jirgin ƙasan, kowane fasinja babbar jaka ɗaya ce, kada ta wuce kilo 25, sai ƙaramar ta hannu. Na san Hajiya da tsarabar kuka da daddawa da yaji, ka lallashe ta a rage, a kuma zuba a akwati mai taya maimakon buhu.

Ranar da za ku wuce Makka, jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali. Ni zan ɗauke ku a mota mu je masallacin miƙatin ku yi niyya a natse, sannan in sauke ku tasha. A Makka kuma tashar tana Rusaifa ne, ba a bakin Harami ba, sai kun ƙara da tasi ko bas. Ka sa manhajar Nusuk a wayarka tun yanzu saboda izinin shiga Rauda.

Ka turo mini lambar jirginku da hoton tikitin jirgin ƙasa da zarar ka saya, zan tsaya muku a tashar Madina. Uwargida ta ce a gaya wa Hajiya tuwon shinkafa da miyar taushe na jiranta. Ka gaishe mini da mutanen majalisa duka.

Naka har kullum,
amininka a Madina