A kula da yadda ake ɗaukar hoton wuraren tarihi

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Hubbarorin waliyyan Timbuktu da aka rushe a 2012, tsofaffin hotuna da ilimin maginan garin suka taimaka aka sake gina su. Don haka muke roƙon masu tafiya ɗaukar hoton wuraren tarihi don adana su, su kula.

A zagaya ginin a hankali, kowane hoto ya maimaita aƙalla kashi 60 cikin ɗari na wanda ya gabace shi, in ba haka ba zai yi wa kwamfuta wuya ta haɗa hotunan ta fitar da siffar ginin. A jingina sandar awo mai tsawon mita 1 a bango. A guji rana mai zafi, domin inuwa tana ɓoye tsagar bango, ranar gajimare ta fi. Kwafi uku na hotunan za a ajiye, a wurare dabam-dabam. Izinin masu kula da wurin kuwa, a nema tun kafin a fito da kyamara.

Wassalam.