Shari'ar P&ID da haɗarin yin shiru

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Rahotonku kan shari'ar Najeriya da kamfanin P&ID ne ya sa na ɗauki alƙalami. Rikicin kan wata kwangilar sarrafa iskar gas ce da ta rushe tsakanin kamfanin da gwamnatin Najeriya. A 2017 kwamitin sasanci a Landan, wato masu yanke hukunci a wajen kotu, ya umarci Najeriya ta biya kamfanin dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya tura bashin zuwa kusan biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 mai shari'a Robin Knowles na Babbar Kotu a Landan ya gano an samu hukuncin ne ta hanyar zamba, Najeriya ta yi nasara.

An yi murna, amma da ƙyar muka sha. Dokar sasanci ta Ingila ta 1996 kwana 28 kacal ta ba mai ƙalubalantar hukunci. Wanda kuma ya ga ba daidai ba ya yi gum, aka ci gaba da zaman sasancin da shi, ya zubar da haƙƙinsa na ƙorafi. Mu kuwa mun makara da shekaru wajen ƙalubalantar hukuncin. Alamun cin hanci ne suka sa kotu ta ƙara mana lokaci a 2020. Ba kowace shari'a ce za ta zo da wannan sa'ar ba.

Ina ba da shawara Ma'aikatar Shari'a ta riƙa tantance sharaɗin sasanci, wato sashen da ya faɗi yadda za a warware saɓani, kafin a sa hannu kan kowace babbar kwangila, lauyoyin gwamnati kuma su rubuta ƙorafinsu ranar da suka ga matsala.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna