Wasiƙa a Kan Fasa Nafta da Katalis

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayarka a kan dalilin da ya sa masana'antu suke neman wata hanyar fasa nafta, wato tsinka ƙwayoyin wannan mai mara nauyi da ake samu wajen tace ɗanyen man fetur, alhali hanyar tururi ta daɗe tana biya musu buƙata.

Abin da ake nema a jikin nafta shi ne etilin da furofilin, waɗanda da su ake yin mafi yawan robobi. A tsohuwar hanya, ana haɗa nafta da tururi a tura su cikin bututun da zafinsa ya kai digiri 800 zuwa 850 a ma'aunin Salsiyas, zafin ne kaɗai yake tsinka ƙwayoyin man, kuma furofilin da ake samu bai fi rabin etilin da wani abin kirki ba. Idan kuwa aka sa katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aikin ba tare da shi ya ƙare ba, musamman ziyolait ɗin nan ZSM-5 da kamfanin Mobil ya yi wa rajista a 1972 (ziyolait ma'adini ne mai ƙananan ƙofofi, mai ɗauke da alminiyam), zafin yakan sauko zuwa wajen digiri 650, furofilin kuma ya ƙaru har ya kusa kamo etilin.

Mutane sun fi yabon ragin makamashi, amma ni a ganina furofilin ɗin ne ainihin ribar. A lokacin da masana'antun Amurka suka karkata ga fasa iskar etan mai arha, wadda kusan etilin kaɗai take bayarwa, furofilin ya yi ƙaranci, ga shi kuma buƙatarsa kullum ƙaruwa take yi.

Sai dai kada ka ɗauka aikin ya zo da sauƙi. Ƙofofin ZSM-5 ƙanana ne ƙwarai, kimanin nanomita 0.55 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), shi ya sa manyan ƙwayoyi ba sa samun sararin haɗuwa a ciki, amma duk da haka baƙin kabon yakan taru ya toshe su. Maganin da aka samo aro ne daga matatun mai, inda tun 1942 ake zagayawa da garin katalis tsakanin tukunyar fasawa da tukunyar da ake ƙone kabon ɗin da iska, wannan ƙonewar kuma ita ke ba da zafin fasawar. Abin mamakin shi ne, nafta ba ta tara kabon da zai isa ya ba da zafin da ake buƙata, dole a ƙara mai a wutar. Tururi mai zafi kuma yana zare alminiyam daga jikin ziyolait, ƙarfinsa ya ragu, don haka ake ƙara masa fosfaras ya daure. A kan wannan tsari kamfanonin SK da KBR suka gwada masana'antarsu a Ulsan ta Koriya ta Kudu a 2010.

Ka rubuto mini irin naftar da kake nazari a kanta, domin wadda farafin, wato ƙwayoyin mai masu siffar sarƙa da ke cike da haidurojin, ya yi wa yawa ta fi wuyar fasawa. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka