Rahoton Ayyukan Shekara: Rarraba Shara, Haɗa Taki da Sufuri a Unguwanninmu na Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, da 'yan uwa mambobi maza da mata, ga bayanin kwamitin gudanarwa kan aikin shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, zai karanta shi daki-daki a zauren taro. A nan za mu tsaya ne kan aikin kansa.

Abin da shekarar nan ta ƙara tabbatar mana shi ne, darajar shara a cikin gida ake tsare ta, a can kuma ake zubar da ita. Da zarar an haɗa ragowar tuwo da leda da toka da fasasshen gilashi a bokiti ɗaya, mai sayen roba zai karya farashi, manomi kuma ba zai so ta a gonarsa ba.

Rarrabawa daga gida

Tsarin da muka bi a gidajen da suka shiga shirin shi ne mazubi uku. Buhu ɗaya na busassun kaya, wato gorar ruwa da ta lemo, ledar fiya wata, gwangwani da kwali. Bokiti mai murfi na abin da ke ruɓewa, kamar ɓawon doya da na lemo, ganye da ragowar abinci. Sai tsohuwar roba ko daro na toka da ƙasar shara. Batiran tocila, allurai, reza da gilashi kuwa, mun roƙi a jefa su cikin gwangwanin madara a danne bakinsa.

Inda aka fi samun nasara shi ne inda mata mambobinmu suka shiga gida-gida suka zauna da matan aure. Sanarwar masallaci tana kai wa ga maza, amma tsintsiya ba a hannunsu take ba. Inda aka samu cikas kuma, dalilin kusan ɗaya ne: idan mai kura ya saɓa ranar zuwa sau biyu a jere, bokitin ruɓaɓɓen kaya ya fara wari da tsutsa, sai uwargida ta ba yaro ya kai kwata. A zafin Afrilu da Mayu bokitin nan ba ya wuce kwana 2. Don haka muka raba ranaku, ana ɗaukar mai ruɓewa sau 3 a mako, busasshe sau ɗaya.

Roba da leda

Yawancin asarar da masu tattarawa ke yi a wajen sikeli take faruwa, saboda haɗa robobin da ba jinsi ɗaya ba. A gindin yawancin robobi akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo. Lamba 2 ita ce irin jarka da robar man shafawa. Lamba 5 ita ce ta bokiti da kujerar roba. Lamba 3, wadda ake yin bututun famfo da ita, ita ce mugun iri: 'yar kaɗan ta shiga cikin gorar ruwa a wajen narkarwa, sai ta ɓata kayan gaba ɗaya, idan kuma aka ƙona ta hayaƙinta guba ne ga huhu. Idan lambar ta goge, akwai gwaji mai sauƙi. A yanki ɓalli a jefa cikin ruwa, lamba 2 da 5 suna tasowa sama, lamba 1 da 3 suna nutsewa.

A cire murfin gora a tara shi daban, domin jinsinsa daban ne kuma yana da nasa mai saye. A ware fara daga mai launi, fara ta fi kuɗi. A taka kowace gora ta lanƙwashe kafin a sa a buhu, in ba haka ba iska za a yi dako zuwa Sharada ko Dakata.

Ledar fiya wata ta fi komai cin lokaci. Sai an tara ɗaruruwa kafin a samu kilo ɗaya, ga ta da riƙe ruwa da yashi. Dole a tsaga ta, a kakkaɓe, a shanya kwana ɗaya a kan raga ko waya, ba a ƙasa ba. Mai saye yana damƙar buhu ya ji danshi, nan take ya zaftare nauyi, kuma da gaskiyarsa. Muna jan kunnen duk wanda ke yayyafa wa kaya ruwa don su yi nauyi. Buhu ɗaya irin wannan yana zubar da mutuncin ƙungiya baki ɗaya a idon dillalai.

Baƙar ledar cefane har yanzu ita ce ciwon kanmu. Ba ta da kauri, ba ta da kasuwa ta kirki, ita ce ke toshe kwalbati, ita ce kuma mahauta ke zarowa dunƙule-dunƙule daga tumbin awaki da shanu. Maganin da muka iya kawai shi ne rage karɓarta, shi ya sa ajin ɗinkinmu ya koma yin jakar cefane daga tsofaffin buhunan shinkafa.

Taki

Wannan sashe ne ya fi faranta mana rai. Kai sharar birni gona a kan jakuna tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano, manoman kewaye sun daɗe da sanin amfanin toka da juji. Leda da gilashi ne suka ɓata wannan ciniki. Aikinmu shi ne mu mayar wa manomi taki mai tsabta.

Ga yadda muke haɗawa. Ana shimfiɗa karan dawa ko na masara a ƙasa don iska ta shiga. A kai sai a jera hawa-hawa: kashi 3 na busasshe, kamar ganyen da ya zubo, ɓuntun shinkafa da yagaggen kwali, sai kashi 1 na ɗanye, kamar ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji irin wanda ake zubarwa a kasuwar Yankaba, ko lalataccen lemo da kankana na kasuwar 'Yan Lemo. Ana barbaɗa kashin awaki ko na kaji tsakanin hawa da hawa. Faɗin tsibin ya kai mita ɗaya da rabi, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Idan ya gaza haka ba zai riƙe zafi ba, idan ya zarce tsakiyarsa za ta rasa iska.

Cikin kwana 3 zuwa 4 ya kamata cikin tsibin ya ɗau zafi, digiri 55 zuwa 65. Wanda ba shi da ma'auni ya soka rodi ya bar shi minti 10, idan ya zaro bai iya riƙe bakinsa ba, aiki na tafiya. Wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Ana juyawa duk mako, na gefe ya koma tsakiya. Ruwa kuma da hannu ake gane shi: a damƙi takin a matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito.

Matsaloli uku muka yi ta gani. Da hunturu tsibi yana bushewa ya daina aiki, sai an rufe shi da zana ko buhun algarara ana yayyafi. Da damina ruwa yana cika shi ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai a buɗe a ƙara busasshe a yi masa rumfa. Na uku shi ne yawan toka. Mutane suna ganin toka taki ce sai su labta, alhali idan ta haɗu da kashin kaji tana kore sinadarin da ganye ke buƙata, hanci ma zai ji warin fitsari yana tashi. A bar toka sai taki ya nuna a gauraya kaɗan. Yana nuna cikin mako 8 zuwa 12, ya yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Sai a tankaɗe da rariyar waya mai ido santimita ɗaya.

Magudanan ruwa

Mun fita aikin gayya a ranakun tsaftar muhalli na Asabar ɗin ƙarshen wata, muka fi matsa ƙaimi kafin faɗuwar damina. Abin da aka yaso daga lambatu a bar shi ya tsane kwana ɗaya, a kwashe kafin na uku. Idan ya wuce haka, ruwan sama ko ƙafar jama'a za su mayar da shi inda ya fito. Saboda haka yanzu ba ma sa ranar yasa sai mun tabbatar da motar kwasa, ta hukumar kwashe shara ta jiha (REMASAB) ko ta haya. Duk abin da ya kuɓuce mana kogin Jakara yake nufa, ruwan da masu lambu ke ban ruwa da shi a gaba.

Sufuri

Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, adaidaita sahu ya zama ƙafar talaka, kuma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa mambobinmu direbobi neman mafita. A cikin lungu ba mu ga abin da ya kai kura da baro ba. Babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya kuma daga matattara zuwa filin taki.

Ga masu sha'awar babur na lantarki, a kula da batir. Irin mai ruwa, wanda ake jera guda 5 masu bolt 12 su ba da 60, ba ya son a zuƙe shi ƙasa da rabi, ba ya son caji a rana tsaka, kuma idan aka haɗa sabo da tsofaffi sabon ne zai mutu da wuri. A sama masa inuwa, a duba ruwansa duk mako. Mataccen batir a kai wa masu sayensa a rufe, kada a fasa a gida, dalmar da ke ciki tana lalata ƙwaƙwalwar yara.

Masu son komawa iskar gas ta CNG kuma, mu ji tsoron Allah kan tukunya. Matsin da ke cikinta ya kai 200 a ma'aunin matsin iska na bar, ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa. Tukunyar girki ko wadda mai walda ya ƙera ba za ta ɗauka ba, fashewa za ta yi. Ƙungiya ba za ta ba da rance ga duk wanda bai kawo takardar cibiyar sa CNG da aka amince da ita ba.

Lafiyar ma'aikata da abin da ke gaban taro

An raba safar hannu mai kauri da dogon takalmin roba, an kuma tura masu tsince kaya allurar tetanus. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa shiga filin tsincewa, ko da iyaye sun roƙa.

Abubuwa uku ne ke jiran ƙuri'arku: sayen injin matse gora don rage kuɗin mota, neman fili na biyu na taki ta hannun dagaci, da sa ƙaramin kuɗin wata ga gidajen da ba sa rarrabawa. Kwamiti ya fi karkata ga fara sayen injin. Mai gyara ko ƙorafi ya miƙa wa sakatare a rubuce kafin ranar taro.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin Gudanarwa