Gidan Gamble da ya tsira daga farin fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan wani gida da ya tsaya mini a rai, wato Gidan Gamble da ke Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka.

'Yan'uwa biyu, Charles da Henry Greene, su suka tsara shi a 1908 domin David Gamble, na dangin masu kamfanin sabulun Procter & Gamble. Salon Craftsman ne, inda ake barin aikin hannun kafinta a fili: mahaɗar katako tana bayyane, an goge gefunanta sun yi sumul. Rufin ya zarce bango sosai don inuwa, ga barandar kwana a sama saboda iska, ga gilashin ƙofar shiga mai zanen itaciya da ke ɗaukar ido idan rana ta haska.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, magada sun so sayar da gidan, sai suka ji masu saye na shirin shafe katakon ciki da farin fenti. Nan take suka fasa. A 1966 suka miƙa shi ga birnin Pasadena, a 1977 kuma aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Ina roƙon jaridarku ta kawo mana hotunansa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya